Yaya zan sabar wa yarona mai lalurar galahanga da makarantar nazare?

Maman Abba, Kano

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar iyaye da malamai waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Yaron wajena yana da shekara uku da wata takwas, kuma a bara likitan yara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya tabbatar mana cewa yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Yana tafiya da gudu lafiya lau, yana gane mutanen gida, amma kalmomin da yake furtawa ba su taka kara sun karya ba, kuma idan yana son abu sai dai ya kama hannuna ya ja ni zuwa wurin abin. Ƙara tana damunsa ƙwarai: da zarar an tayar da janareta ko injin markaɗe na maƙwabta, sai ya toshe kunnuwansa ya shige bayan ƙofa, wani lokaci har ya riƙa buga kansa da bango. Abincinsa bai wuce farar taliya da burodi da shayi ba, shayin ma sai a kofinsa shi kaɗai. Har yanzu ina sa masa famfas idan za mu fita.

Likitan ya ce cuɗanya da yara za ta amfane shi idan an samu wurin da ya dace. Akwai makarantar kuɗi kusa da mu inda yayarsa take aji biyu na firamare, kuma ina so ya fara a zangon da za a shiga cikin watan Satumba. Mai makarantar mace ce mai kirki, amma ban faɗa mata komai ba tukuna, domin wata ƙawata ta ce in ja bakina in yi shiru in biya kuɗi kawai, idan ba haka ba za a ce mini babu gurbi. Mahaifinsa yana ganin a jinkirta har sai bakinsa ya buɗe. Kakarsa ta wajen uba kuwa, wadda yaron ya ci sunan mijinta, ta ce babu abin da ke damunsa sai nauyin baki, kuma tana so a haɗa masa da islamiyyar yamma tun yanzu.

Shin in faɗa wa makarantar gaskiya tun farko? Yaya ake tafiyar da kwanakin farko ga yaron da ko gidan biki ba ya iya zama? Me ya kamata in roƙa daga malamar aji? Abin da ya fi hana ni barci shi ne, idan aka dake shi ko aka bar shi yana kuka tun safe, ba shi da bakin da zai gaya mini.

Malamar Nazare, Zariya

Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah ya raya mana Abba, ya sanya albarka a rayuwarsa. Ni malamar nazare ce, na karanci ilimin yara masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero, kuma a yanzu haka akwai masu irin wannan lalura a ajina.

Shawarar ƙawarki ba za ta fisshe ki ba. Ko kin yi shiru, malamar aji za ta lura tun a makon farko cewa yaron ya bambanta da sauran, sai dai za ta fassara abin da ta gani da abin da ta sani, wato taurin kai ko sangarta, kuma maganin waɗannan a yawancin makarantunmu tsawa ce da bulala. Makarantar da za ta ƙi shi bayan ta ji gaskiya, da ma can ba za ta iya riƙe shi ba, kuma gara ki san haka kafin ki biya kuɗin zango da na inifam da na littattafai. Ki je da takardar asibiti, ki kuma haɗa da wata takarda mai shafi ɗaya da kika rubuta da hannunki: abin da yake so, abin da ke firgita shi, yadda yake nuna yunwa da ƙishirwa da fitsari, da abin da ke kwantar masa da hankali idan ya rikice. Wannan shafin ya fi takardar likita amfani a wurin malama, domin shi ne za ta duba da ƙarfe goma na safe lokacin da yaron ya kwanta a ƙasa yana kuka.

Kada ki tsaya a ofis, ki nemi a kai ki ajin da zai zauna ana tsakiyar karatu. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi cewa kada yaran nazare su wuce 25 a hannun malami ɗaya, amma duk mun san azuzuwan da suka haura arba'in, malama ɗaya, babu mai taimaka mata. Ki tambayi yawan yaran, ki tambaya ko akwai mai reno a ajin. Sannan ki zagaya harabar da idon uwa: ko ƙofar waje tana zama a rufe, ko maigadi yana barin wurinsa, ko akwai rijiya ko tankin ruwa na ƙasa ko ramin masai da ba a rufe da kyau ba. Da yawa daga cikin yaran nan suna sulalewa shiru ba tare da kowa ya ankara ba, ruwa yana jan hankalinsu, kuma ba su san haɗarin titi ba. Idan ƙofar ba ta da tsaro, a gyara ta kafin a yi maganar komai.

Game da kwanakin farko, aikin yana farawa tun kafin ranar da zai fara zuwa. Ki roƙi a ba ki dama ki kai shi ranar Asabar ko bayan an tashi, lokacin da wurin yake tsit, ya shiga ajin, ya taɓa kujeru, ya ga banɗaki, ya fita lokacin da ya ga dama. Ki ɗauki hoton ƙofar makaranta, da ajin, da fuskar malamar, da banɗakin, da adaidaita sahun da zai riƙa kai shi, ki kai shagon buga takardu a wanke miki su a rufe su da leda, ki jera su bi da bi, ki riƙa nuna masa kowane dare da kowace safiya. Yaron da magana ba ta zama masa sosai yakan fi riƙe abin da ya gani. Inifam ɗin ma a wanke shi sau da yawa ya yi laushi, a yanke tambarin da ke wuya, ya riƙa sa shi a gida tare da takalmin da safar, domin kada sabon tufafi da sabon wuri su haɗu masa a rana ɗaya.

Kada ya fara ranar da aka koma. A makon farko kusan duk ajin kuka yake yi, malamai kuma hankalinsu ya rabu tsakanin rajista da iyaye, sai ki bari ƙura ta lafa zuwa mako na biyu ko na uku. Ya riƙa zuwa bayan an gama asambuli, domin ganga da lasifika da waƙar ɗaruruwan yara su ne daidai abin da kika ce ba ya iya jurewa. Ya fara da rabin sa'a kina kusa, kuma ki fitar da shi tun yana cikin natsuwa, kada ki jira sai ya fashe da kuka, domin abin da ya rabu da shi a wurin shi ne zai tuna gobe. Idan ya jera kwanaki lafiya a ƙara masa lokaci kaɗan, ke kuma ki riƙa ja da baya daga cikin aji zuwa baranda, daga baranda zuwa bakin ƙofa. Wani yaron sai zango ya kusa ƙarewa yake kaiwa lokacin tashi, kuma bayan zazzaɓi ko dogon hutu akan koma baya a sake hawa. Ranar da za ki fara barinsa, kada ki faki idonsa ki gudu. Ki yi masa sallama da kalmomi iri ɗaya kullum, kamar "Mama za ta tafi, za ta dawo bayan an ci abinci," ki nuna masa hoton, ki tafi ko da ya yi kuka, sannan ki dawo a kan lokacin da kika faɗa.

Abin da na fi ba muhimmanci a cikin duk wannan shi ne a samu mutum ɗaya da zai zama nasa, wanda zai tarbe shi a bakin ƙofa kullum, ya san shi, shi ma ya san shi. Ba dole ba ne ya zama mai babbar takarda. Sau da yawa dattijuwar da ke renon aji ta fi mu malamai haƙuri da lura. Akwai wani yaro da aka kawo mini yana riƙe da wani tsohon cokalin roba da ba ya rabuwa da shi. A inda ya fito ana ƙwace cokalin da safe, sai ya wuni yana ihu. Mai renon ajina ta ce a bar masa abinsa. Yakan zauna a gefen tabarma yana juya shi a gaban idonsa, ita kuma ta zauna kusa da shi tana jera murafen kwalba ba tare da ta ce masa komai ba. Bayan wani lokaci, idan za a wanke hannu, sai ya buɗe tafin hannunta ya ajiye cokalin a ciki, ya wanke, ya dawo ya karɓa. Daga ranar da ya amince ta riƙe masa cokalin ne muka fara iya koya masa abu. Saboda haka idan Abba yana da abin da yake riƙewa, ko yana kaɗa hannuwa ko jijjiga jiki, ki gaya musu su ƙyale shi, da haka yake samun natsuwa. A ware masa tabarma a kusurwar da ba ta kusa da janareta, inda zai je ya huta idan hayaniya ta yi masa yawa, kuma kada a taɓa mayar da wurin na horo.

A zangon farko kada ki damu da ABC ko ƙidaya. Idan ya shiga ƙofa da ƙafarsa, ya zauna na ɗan lokaci, ya ci taliyarsa a cikin yara, ya nuna yana son ruwa, to zangon ya yi kyau. Sauran iyaye kuwa, a ganina babu buƙatar su sani, magana ce tsakaninki da makaranta.

Baban Husna, Kaduna

Maman Abba, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Malama ta yi bayani mai gamsarwa, amma ina neman afuwarta zan saɓa mata a kan batun sauran iyaye. 'Yata Husna, wadda ita ma take da wannan lalura, tana da shekara bakwai yanzu. A makarantar farko da muka sa ta, malamai sun san halin da take ciki, amma iyaye ba su sani ba. Suna zuwa ɗaukar 'ya'yansu suna ganinta tana kaɗa hannuwa tana ƙara, sai magana ta fara yawo a zauren WhatsApp na iyaye, wasu suna cewa iska ce, wasu suna tambaya ko ana ɗauka. Mai makarantar ya ji tsoron a kwashe masa yara, ya kira ni ya mayar mini da kuɗina. A makaranta ta biyu na roƙi minti biyar a taron iyaye da malamai, na tashi na faɗi sunan lalurar, na ce ba a ɗaukarta, na ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin 100 yana da ita, na kuma roƙe su su gaya wa 'ya'yansu cewa Husna ba ta son a ja ta ko a yi mata ihu a kunne. Bayan taron wata baiwar Allah ta tsayar da ni ta ce ɗan ƙanwarta haka yake, kuma ba su taɓa sanin ana kai irinsu asibiti ba. Ban ce dole ki yi haka ba, sirrin iyalinku ne, amma ki sani idan ba ku yi bayanin ba wasu za su yi muku shi.

Game da tsoronki na duka, ga abin da muke yi. Mun sayi ƙaramin littafi da ke tafiya a jakarta kullum, malama ta rubuta layi uku ko huɗu: ta ci abinci ko ba ta ci ba, ta yi fitsari, ta yi kuka, kuma me ya faru dab da kukan. Mu ma mu rubuta idan ba ta yi barci da dare ba. Mahaifiyarta tana duba jikinta a lokacin wanka. Muna kuma lura da halinta a gida, domin yaron da ba ya magana jikinsa yana faɗa: idan ya fara ƙin inifam bayan ya saba da shi, ko ya daina barci, ko ya riƙa kare kansa da hannu idan an ɗaga murya, to akwai abin da za a bincika. Nakan kuma leƙa makarantar ba tare da sanarwa ba. Ba duka kaɗai nake dubawa ba. Akwai makarantun da za su karɓi yaron da fara'a saboda kuɗin, sannan su ajiye shi a bayan aji ya wuni babu mai kula shi, kuma wannan ma cutarwa ce.

Mun ɗauki wata matashiya mai takardar shaidar malanta ta NCE tana raka ta aji, mu muke biyanta. Ta taimaka sosai, amma sai da muka yi yarjejeniya cewa aikinta shi ne ta tallafa daga baya, kada ta shiga tsakanin Husna da malamar aji ko sauran yara, kuma ta riƙa janyewa a hankali. Ina roƙonki kada a ɗora wannan aikin a kan yayarsa. Za ki ga duk sanda ya yi kuka an aika a kira ta daga aji biyu, karatunta ya lalace, ita ma kuma yarinya ce.

Ga Baban Abba kuma, ki isar masa da gaisuwata, ki ce ɗan'uwansa ya ce kada ya jira magana. Husna sai da ta kai shekara biyar ta fara haɗa kalmomi, wasu kuma ba sa yi da baki sam, amma suna koyon abubuwa da yawa. Ya daure ya riƙa kai shi da kansa wasu ranaku, ya kuma halarci zaman farko da mai makaranta, domin na ga yadda ake sauraron magana idan uba da uwa suka zo tare. Hajiya kakarsa kuwa kada a yi jayayya da ita, ƙauna ce take sa ta faɗin haka. A tafi da ita asibiti ranar ganin likita ta ji da kunnenta, a kuma ba ta aikin nuna masa hotunan da yi masa addu'a da safe. Addu'a muna yi kullum, amma hayaƙi da ɗauri da duka da sunan cire iska kada a bari kowa ya yi masa. Islamiyya a dakata tukuna, domin karatun haɗa baki da ƙarfi zai yi masa nauyi a kan sabuwar makaranta. A kunna masa karatu a gida da murya ƙasa-ƙasa. Husna ta riƙe Fatiha ta wannan hanya tun kafin ta iya faɗin sunanta.

Maman Abba, Kano

Malama da Baban Husna, Allah ya saka muku da alheri. Mun je tare da mahaifinsa mun faɗa wa mai makarantar komai, kuma ta amince a gwada, ya riƙa zuwa bayan asambuli. Yara 32 ne a ajin, akwai malama da mai reno. Sai dai ta kawo sharuɗɗa biyu: ba sa karɓar yaro mai famfas a wannan ajin, kuma ta ce mu daina yi masa Hausa a gida mu koma Turanci, wai harshe biyu ne ke ruɗa shi. Haka kuma wata 'yar'uwa ta kawo mana labarin mai maganin da ke buɗe bakin yaro cikin wata ɗaya, da tsada sosai. Ina neman ƙarin haske a kan waɗannan.

Ma'aikaciyar jinya, sashen yara

'Yar'uwa Maman Abba, kada ku daina yi masa Hausa. Binciken da aka yi a kan yara masu galahanga da ke tasowa da harshe biyu bai nuna cewa hakan yana ƙara musu jinkirin magana ba. Hausa ce harshen da kuke rarrashinsa da shi, da ita kakarsa da yayarsa suke yi masa wasa, kuma idan kuka koma Turancin da ba ku sake da shi ba, abin da zai faru shi ne maganar da yake ji a gida za ta ragu. Abin da ya fi amfani shi ne ku zaɓi 'yan kalmomi na buƙatar yau da kullum, kamar ruwa, abinci, fitsari, zo, zauna, an gama, ku roƙi malama da mai reno su yi amfani da su kamar yadda kuke faɗa a gida, gajeru, tare da nuna hoto, sannan su ɗan saurara kafin su maimaita, domin yaran nan suna buƙatar lokaci kafin magana ta isa. Akwai tsarin da ake kira PECS, wanda aka fara a Amurka a 1985, inda yaro ke miƙa hoton abin da yake so a ba shi abin nan take. Tun da Abba yana jan hannunki zuwa wurin abu, ya riga ya san yana da saƙon da zai isar, sai ku fara da hoton kofin shayinsa. Amfani da hoto ba ya hana baki buɗewa.

Batun famfas, ki roƙi mai makarantar ta sassauta na wannan zangon. Yaron da zai yi rabin sa'a ko sa'a ɗaya da wuya a buƙaci canza masa, kuma idan lokacin ya ƙaru kina iya kawo kayan canji ki ɗan kyautata wa mai reno. Koyon banɗaki kuma a fara shi a gida, a lokuta tsayayyu: da farkawa, bayan cin abinci, da kafin fita, da fo ɗaya da buta ɗaya, ba tare da faɗa ba idan ya ɓata wando. Ki duba banɗakin makarantar ko irin na gida ne, domin duhu, ko wari, ko ƙarar sakin ruwa, ko bambancin na tsuguno da na zama, kowanne yana iya sa ya ƙi shiga. Ki kuma lura da bahayarsa. Yaron da ke rayuwa a kan taliya da burodi yakan yi fama da taurin bahaya, ciwon yana sa shi riƙewa, kuma sau da yawa rikicin da ake ɗauka na hali ne daga ciwon ciki ko haƙori ko kunne yake. Ki gaya wa likitansa yadda cin abincinsa yake, ya duba ko akwai ƙarancin jini. Idan ba a taɓa gwada jinsa da na'ura ba, a yi, ko da kina ganin yana ji. Ana yi a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin da kuke zuwa, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Babu maganin sha ko na shafawa da ke warkar da galahanga ko buɗe baki cikin wata ɗaya. Kuɗin da za a ba mai maganin nan a kai shi wurin masu koyar da magana ko a biya mai raka shi aji. Ki tabbatar kuma ya kammala allurar rigakafi kafin ya shiga cikin yara, musamman ta ƙyanda. Zargin cewa rigakafi ke kawo wannan lalura ya samo asali ne daga wani rahoto da aka buga a wata mujallar likitanci a Ingila a 1998, wanda mujallar ta janye a 2010, aka kuma hana likitan da ya jagorance shi aiki.

Abu na ƙarshe da nake so malamai su sani: farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin yara masu galahanga fiye da sauran yara. Ba na fata, amma idan ta faru, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko mai, kuma idan jijjigar ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Ba a ɗaukarta ta yawu, kada kowa ya gudu ya bar shi.

Tsohon hedimasta, Katsina

'Yata Maman Abba, ki riƙe a ranki cewa karatun yaron nan haƙƙinsa ne. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara, su tanadi ma'aikacin da aka horar domin su. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ita ma ta haɗa da kula da ƙananan yara kafin firamare, shi ya sa kike ganin rabin aji a firamaren gwamnati da dama. Aiwatarwa tana da rauni ƙwarai, wannan gaskiya ce, kuma cunkoson da ke makarantunmu na gwamnati zai yi wa Abba yawa a yanzu. Wasu za su ce miki ki kai shi Tudun Maliki, amma ita makaranta ce da aka fi sani da koyar da kurame da makafi, buƙatarsa kuma daban ce. Idan kuna neman mai raka shi aji, ku tuntuɓi sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero, ana iya samun ɗalibi ko wanda ya gama da zai so aikin.

Tun da mai makarantar ta ce gwaji ne, ku rubuta abin da kuka yi yarjejeniya a kai, ku da ita ku sa hannu: lokacin zuwansa, wanda zai tarbe shi, cewa ba za a dake shi ko a kulle shi shi kaɗai ba, cewa za ku zauna duk bayan mako biyu ku duba yadda ake ciki, da kuma abin da za a yi da kuɗin zango idan makarantar ce ta janye. Ku ba malamar aji da mai reno kowacce kwafinta tare da shafin nan da Malama ta ce ki rubuta. Malaman makarantun kuɗi suna yawan sauya wurin aiki a tsakiyar zango saboda ƙarancin albashi, don haka ku sa a cikin takardar cewa idan za a canza malamar ko mai renon a sanar da ku tun da wuri, domin a ɗauki hoton sabuwar a nuna masa, ta kuma zauna a ajin tare da tsohuwar na 'yan kwanaki kafin a miƙa mata shi.